Fureshan boilata yana sauka duk kwana uku, kuma ban ga yoyo ko'ina ba

Abban Yara

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani a taimaka min da shawara don abin nan ya fara damuna sosai. Boilar dumama gida ce mai aiki da gas, irin wadda ta haɗa ruwan wanka da dumama ɗakuna a guri ɗaya, shekararta wajen tara bata taɓa bani ciwon kai ba sai bana da sanyi ya shigo. Zan cika mata ruwa allurar geji mai nuna fureshan ruwan ta tsaya a 1.5, kwana uku ko huɗu in duba in tarar ta gangaro kusa da 0.5, daga nan sai ta kashe kanta ta nuna lambar matsala a sikirin, mu wayi gari gida yayi sanyi ƙalau ga yara ƙanana. In sake buɗe bawul ɗin cikawa, ta tashi, bayan kwana uku a koma gidan jiya. Yau sati biyar kenan ina wannan aikin.

Radiyeta, wato ƙarafunan da ruwan zafi yake bi ta cikinsu su dumama ɗaki, takwas ne a gidan kuma wallahi babu wadda ban durƙusa na shafa ƙasanta da hannu ba, ko danshi babu. Na duba silin babu tabon ruwa, ƙasan boilar a bushe yake. Na saki iskar radiyetocin ma har sau biyu ko ita ce. Kwanan nan sai na koma cikawa har 2 don ya ɗan daɗe kafin ya sauka, amma ni a ganina sai ma ya ƙara saurin sauka. Toh ruwan nan ina yake zuwa? Kuma akwai haɗari in naci gaba da ƙarawa haka har sanyi ya wuce?

Maman Biyu

Wa alaikumus salam. Abban Yara sannu, na san zafin abin nan don ya taɓa faruwa dani. Ni tawa ashe bawul ɗin gefen radiyetar falo ne yake tsatsafo da ruwa kaɗan kaɗan, kuma dalilin da yasa na daɗe ban gani ba shine kullum sai hita tana kunne nake dubawa, bututun da zafi, ɗigon yana fitowa yana bushewa nan take. Ka bari sai komai ya huce, da safe kafin ta kunna, ka ɗauki tishu busasshe ka naɗe a wuyan kowane bawul da kowane noti ka barshi, hannu baya gane ɗan danshin nan amma tishu baya ɓoyewa. Sannan ka haska da tocila ka duba ko akwai wani kore kore ko fari fari kamar gishiri da ya daskare a jikin mahaɗar, ko tsatsa ta zubo a fenti, in ka ga haka to nan ne ko da a bushe ka sameshi. Ni mai gyara noti ɗaya kawai ya ɗaure ya canza ƴar roba shikenan. Allah yasa naka ma iyakarsa kenan.

Tsohon Fulamba

Hajiya ta faɗi gaskiya, a gwada na tishun, amma Malam akwai magana ɗaya a cikin bayaninka da ta tsaya min a rai, inda kace da ka koma cikawa zuwa 2 sai ya ƙara saurin sauka. Wannan ba ƙaramar alama bace. Kuma duk bayanin da kayi na allura ne lokacin da boila take a sanyaye, baka faɗa mana inda take kaiwa ba idan hita ta ɗau zafi sosai. Mafi yawan mutane nan suke kuskure, basa kallon geji sai boila ta mutu, alhali labarin duk yana faruwa ne lokacin da take ci.

Bari in maka bayanin yadda abin yake don ka gane da kanka. Ruwan da yake zagaya radiyetocinka a rufe yake, ba shi da hanyar fita, ruwa ɗaya ne yake ta zagaye shekara da shekaru. Shi kuma ruwa idan ya ɗau zafi kumbura yake, daga sanyinsa zuwa digiri 80 yana ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin 100, wato in akwai lita 100 a bututanka to an samu ƙarin wajen lita 3 da dole sai an nema musu gurin zama, kuma ruwa baya matsuwa kamar iska. Don haka aka saka wani ɗan tanki, a irin boilarka yawanci yana ciki ta baya ko ta gefe, faffaɗa ne kuma galibi ja, wasu gidajen kuma a waje yake a rataye. Cikinsa an raba biyu da fallen roba, gefe ɗaya ruwa ɗaya gefen iska da aka hura kamar ta taya, wajen 1 bar ko ƙasa kaɗan (bar shine ma'aunin fureshan da geji yake nunawa). Ruwa ya kumbura sai ya tura robar ya matse iskar, ya huce iskar ta turo shi ya dawo. In tankin nan lafiyarsa ƙalau zaka ga allura a 1 zuwa 1.5 da sanyi, da zafi ta ɗan hau zuwa wajen 2 ta tsaya.

To amma iskar nan tana zurarewa a hankali da shekaru, ko robar ta fashe ruwa ya cika tankin gaba ɗaya. Daga nan ruwa ya rasa inda zai je, hita na ɗaukar zafi allura zata yi ta hawa har ta kai 3, a nan kuma akwai bawul na kariya da aka saita ya buɗe a 3 bar ya zubar da ruwa don kada wani abu ya fashe. Ina yake zubarwa? Waje. Akwai siririn bututun tagulla da ya huda bango ya fita bayan gida bakinsa na kallon bango ko ƙasa. Kaga kenan zaka shekara kana shafa radiyeta baka ga ruwa ba, don a waje yake zuba kuma lokacin kana ciki kana jin ɗumi. Da dare boila ta huce, ruwan ya koma girmansa amma ya ragu, allura ta faɗi. Kai kuma da ka cika zuwa 2 sai ka rage mata tazarar kaiwa 3, ta ƙara saurin zubarwa.

Ban ce tabbas shine ba, tunda ban gani da idona ba. Ga abin da zakayi yau ba sai ka kwance komai ba. Ka saita 1.2 ko makamancin haka tana sanyi, ka ɗauki hoton gejin, ka kunna hita ka ƙure ta, ka ja kujera ka zauna gabanta minti ashirin zuwa talatin kana kallon allura. Kafin nan ka fita ka nemo bututun tagullan nan ka ɗaura masa leda a baki da robali, sako sako dai kada ka toshe shi, kuma kada ka tsaya kusa dashi tana ci don ruwan da yake fitowa yana iya ƙona mutum. Gobe ka dawo ka faɗa mana abu biyu, inda allura ta kai da abin da ka samu a leda.

Ɗan Auta

Yaya ni dai da zaka ji tawa, akwai wani ruwan magani da ake zubawa a cikin radiyeta yana bi yana toshe duk wata ƴar ƙofa da take yoyo, ni na zuba a tawa kuma ya tsaya. Basai ka wahalar da kanka da bincike ba.

Tsohon Fulamba

Auta ban ƙaryata ka ba, yana yi a wani gurin, in ƴar huda ce ƙarama a mahaɗar da take ƙarƙashin daɓe wadda ba a iya kaiwa sai an fasa. Amma a zuba shi tun ba a san ciwon ba, a'a ban goyi baya ba. In tankin iska ne ya mutu ko galan guda ka zuba babu abin da zai canza don babu hudar da zai toshe, bawul ne yake aikinsa. Kuma cikin boilar zamani akwai hanyoyin ruwa ƙanana sosai, ga ɗan bawul mai sakin iska da kansa, maganin bai san wace ƙofa ce ta yoyo wace ce ta aiki ba. Wasu kamfanonin ma basa yarda a zuba shi a boilarsu, sai mutum ya duba littafin tasa tukunna. A fara gano inda ruwan yake bi.

Abban Yara

Baba Fulamba Allah ya saka da alheri, wallahi kamar kana gurin. Na saita 1.2 na kunna, minti goma bata cika ba allura ta wuce 2, kafin minti ashirin da biyar tana dab da 3 cikin jan layi, ni tunda nake ban taɓa tsayawa na kalleta tana ci ba sai jiya. Da safe na fita duba leda na sameta da ruwa ya kai rabin kofi ko fi, har bangon gurin yayi wani dogon tabo da alama ya daɗe yana zuba ban lura ba saboda ta bayan gida ne inda bama bi. Na Hajiya ma nayi, duk tishun a bushe sai guda ɗaya na ɗakin yara da ya ɗan yi danshi kaɗan.

Wani abu kuma, da rana boila a kashe tayi sanyi na sake ɗaura sabuwar leda, bayan awa uku na ga ɗigo a ciki duk da allura tana wajen 1 ne kawai. Wannan kuma na menene? Sannan tankin nan zan iya hura masa iska da kaina? Don na ga ance da famfon keke ma ana yi.

Tsohon Fulamba

Madalla, yanzu muka san inda muka dosa. Matsala biyu gareka kuma ɗaya ce ta haifi ɗaya. Ta farko tankin iska, ta biyu shi kansa bawul ɗin kariyar. Shi wannan bawul sifirin ne yake danne wata ƴar roba akan mazauninta, ba a yi shi don ya riƙa buɗewa kullum ba, to duk sanda ya buɗe ruwan da yake wucewa yana tafe da ƴan tsatsa da datti, ƙwaya ɗaya ta maƙale a mazaunin shikenan ba zai ƙara rufuwa ruf ba. Sati biyar yana buɗewa kusan kullum, dole ya riƙa ɗiga ko da sanyi. Wasu suna murɗa kansa wai ruwa ya wanke dattin, wani lokaci a dace, sau da yawa kuma ɗigon ya ƙaru. Ni dai in na tarar da irin naka canza shi nake yi kawai. Kuma kada ka yarda wani ya canza maka bawul kaɗai ya tafi bai taɓa tanki ba, sabon ma haka zai lalace don abin da yake tura shi yana nan.

Maganar hurawa, eh gaskiya ne kan bawul ɗinsa irin na taya ne sak kuma famfon keke mai geji yana yi. Amma akwai sharaɗi. In tankin a cikin boila yake sai an cire murfin gaba, to a yawancin boilolin yanzu murfin nan yana cikin abin da yake rufe ɗakin wuta, in ba a mayar dashi daidai ba hayaƙi mai guba zai iya shigowa gida, irin wanda ba shi da wari ba shi da launi, mutum yana barci ya tafi. Da yara a gida ban baka shawarar ka buɗe ba, ka kira wanda yake da takardar izinin aikin gas. In a waje tankin yake shi wannan da sauƙi.

Sai dai ka san yadda ake yi don ka tsaya a kansa ka gani. Za a kashe boila, a rufe bawul biyu na tafiya da dawowar ruwan hita, a zubar da ruwan cikin boilar har geji ya koma sifili kuma a bar magudanar a buɗe. Wannan shine inda masu gaggawa suke ɓata aiki, in ka auna iskar alhali ruwa yana danne da robar, fureshan ruwan kake karantawa ba na iska ba, sai kaga kamar lafiya lau. Sannan a danna ɗan tsinken bawul ɗin. Iska ta fito ko ba abin da ya fito, to iska ce ta ƙare, a hura zuwa adadin da aka rubuta a jikin tankin ko a littafin boilar, kana hurawa zaka ji ruwan da ya taru yana fita ta magudana. In kuwa ruwa ne ya fito ta bawul ɗin iskar to roba ta fashe, babu gyara sai sabo. In cire na cikin yana da wuya, don wasu sai an sauke boilar daga bango, ana iya barinsa a saka wani tankin a waje akan bututun dawowa, yana aiki daidai. Kace masa ya duba siririyar tiyon da ta haɗa tankin da boila ma, tana toshewa da dagwalo, tanki na lafiya amma ruwa baya isa gareshi, alamarsu iri ɗaya ce da na mataccen tanki.

Kafin ya zo kada ka wuce 1 wajen cikawa, kuma ka rage zafin ruwan hita zuwa wajen digiri 55 ko 60, ruwan bazai kumbura sosai ba.

Injiniya

Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi akan tambayarka ta farko da ba a taɓa ba, wato ko akwai illa a yi ta ƙara ruwa. Akwai sosai. Ruwan famfo sabo yana shigowa da iskar oksijin, radiyetoci kuma ƙarfe ne, duk cikawa ɗaya ka basu abin da zasu yi tsatsa dashi daga ciki, shine baƙin dagwalon nan da yake kwanciya a ƙasan radiyeta ya hanata ɗumi ta tsakiya, ya cinye famfon boila. Kuma akwai maganin hana tsatsa da ake zubawa a ruwan tun farko, duk ruwan da ya zuba waje da shi ya tafi, kai kuma kana maye gurbinsa da tsura. In ruwanku mai yawan farar ƙasa ne ga kuma ɓawon da zai riƙa kamawa a inda wuta take dukan ruwa. Ƙari sau ɗaya ko biyu a shekara ba komai bane, amma duk kwana uku yayi yawa. In an gama gyara a duba launin ruwan a sake zuba maganin.

Sakin iskar da kayi sau biyu shima yana sauke allura, duk iskar da ta fita gurinta ruwa ne zai cike, don haka kada ka lissafa wannan cikin yoyo.

Sannan kada ka ɗauka faɗuwar allura tana nufin ruwa mai yawa ya zuba. A tanki mai lita 8 da aka hura 1 bar, tsakanin 1.5 da 1 ruwan da zai fita bai kai lita 2 ba, in kuwa tankin ba iska to ko kofi ɗaya ya fita allura zata iya faɗowa sosai, don babu abin da yake tokare ruwan. Shi yasa ɗan danshin ɗakin yaran nan ma kada ka raina shi, a ɗaure shi rana ɗaya.

In an yi duk wannan kuma ya ci gaba da sauka, gwajin da zai raba gardama shine a cika zuwa 1.5, a kashe boila ta huce, a rufe bawul biyun nan na ƙasanta a barta kwana guda. Geji ya sauka alhali a rufe take, to yoyon a cikin boila yake, sai a duba bututun roba fari da yake fitar da ruwan raɓar hayaƙi, in yana ɗiga alhali boila ta daɗe a kashe to tukunyar wutar ce ta tsage ruwa yake bi ta nan zuwa magudana, babu wanda zai gani. In kuwa geji bai motsa ba sai da aka buɗe bawul ɗin sannan ya faɗi, yoyon yana bututan gida ne, ƙila ƙarƙashin daɓe, akwai masu neman irinsa da kyamarar da take ganin zafi ba sai an farfasa ko'ina ba. Sai dai tsofaffin bawul ɗin nan da suka shekara tara ba a taɓa su ba wani lokaci murɗawar ce take sa su fara ɗiga, gara mai gyaran ya yi da hannunsa yana da kayan canji a kusa.

Abban Yara

Jama'a na dawo da bayani. Mai gyara ya zo shekaranjiya, na tsaya a kansa kamar yadda Baba yace. Da farko ya so ya auna tankin ba tare da ya zubar da ruwa ba, nace masa dan Allah a sauke geji zuwa sifili tukunna, bai musa ba. Da ya danna tsinken ruwa bai fito ba alhamdulillah, amma iskar ciki kusan babu, gejinsa ko motsi bai yi ba. Ya hura zuwa 1 bar, ruwa ya yi ta bulbulowa ta magudana baƙi ƙirin, ya jira minti goma ya sake aunawa bata sauka ba, ya shafa ruwan sabulu a kan bawul ɗin sai ga ƴan kumfa, ashe tsinken ne yake sakin iska a hankali, ya canza shi. Ya saka sabon bawul na kariya, ya ɗaure na ɗakin yara, ya zuba maganin hana tsatsa. Baƙin ruwan nan yace in sanyi ya wuce ya kamata a wanke bututan gaba ɗaya a saka matata mai maganaɗisu, na yarda da hakan don na gani da idona.

Yanzu da sanyi tana 1.2, da zafi bata wuce 1.7, leda a bushe kwana biyu. Hajiya, Baba, Injiniya, Auta, nagode ƙwarai Allah ya bar zumunci.

Tsohon Fulamba

Amin, haka ake so, tazarar rabin bar ɗin nan ita ce daidai. Ka bar ledar tukunna, ka manna ɗan tef a gilashin geji daidai inda allura take da safe kafin hita ta kunna, kullum a wannan lokacin zaka riƙa dubawa don awon ya zama iri ɗaya. Kwanakin farko tana iya ɗan sauka kaɗan saboda iskar sabon ruwa tana fita, wannan ba komai. In bayan sati biyu ta bar tef ɗin sosai to ayi gwajin da Injiniya ya faɗa. Kuma ka tabbatar bawul ɗin cikawa duka biyu a rufe suke gam, duk shekara in za a yi mata sabis kace a auna iskar tankin a gabanka.